Frederick Savage: ɗan masaƙin da ya sa dawakin katako sukuwa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya san lilon Sallah. Da an sauko daga Idi, sai yara su yi dafifi cikin sababbin kaya a bakin kasuwa ko wani fili, inda wani saurayi ya kafa lilo na ƙarfe ko na katako yana tura shi da ƙarfin damtse, yana karɓar 'yan kuɗin barka da Sallah daga hannun masu hawa. Haka abin yake daga Kano har garuruwan Gobir irin su Sabon Birni da Isa. Amma da wuya a sami mai iya faɗin sunan maƙerin da ya haɗa lilon da ya hau yana yaro. In ya tsufa, 'yan gwangwan ne ke ɗora shi a sikeli, labarinsa ya ƙare a nan.

A Ingila akwai wani maƙerin lilo da sunansa bai ɓace ba. Shi ne Frederick Savage, wanda ya rayu daga 1828 zuwa 1897. Fiye da shekara ɗari da ashirin bayan mutuwarsa, wasu daga cikin lilunan dawakin da suka fito daga maƙerarsa suna nan suna juyawa da yara a kai, domin an sami mutanen da suka ɗauki gyaransu a matsayin aiki mai daraja.

Tasowa babu uba

An haifi Savage a 1828 a ƙauyen Hevingham da ke lardin Norfolk, a gabashin Ingila. A lissafinmu na nan, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke nan, shekara ashirin bayan faɗuwar Alkalawa. Mahaifinsa masaƙi ne mai saƙar hannu, a daidai lokacin da manyan masaƙu masu injuna na arewacin Ingila ke kashe kasuwar irin wannan sana'a. Masaƙan karkara da yawa suka wayi gari ba su da abin kaiwa bakin salati.

A wancan zamani namun daji na gandayen Ingila mallakar masu ƙasa ne, kuma doka tana da tsanani a kan talakan da ya shiga farauta ba da izini ba. Mahaifin Savage ya faɗa hannun hukuma a kan irin wannan laifi, aka yanke masa hukuncin kora zuwa tsibirin Tasmaniya, kusa da Ostireliya, inda Ingila ke jibge fursunoninta. Frederick yana jariri a lokacin. Ya tashi a hannun mahaifiyarsa cikin talauci, maraya alhali ubansa yana raye a wata uwa duniya.

Bai yi wani karatu mai zurfi ba. Tun yana ɗan shekara goma ya fara ƙodago a gonakin mutane. Da ya kai shekara goma sha shida ya sami shiga wajen Thomas Cooper, wani maƙeri mai ƙera kayan noma a garin East Dereham, kuma a nan ya fara sanin halin ƙarfe: yadda ake narka shi, yadda ake zuba shi, da inda yake karyewa idan an matsa masa. Daga nan ya koma birnin Norwich ya yi aiki a maƙerar Holmes, wadda ta yi suna wajen injunan noma. A 1850 ya auri Susannah Bloyce, sannan suka ƙaura zuwa King's Lynn, wani gari mai tashar jiragen ruwa a bakin kogin Ouse, inda ya kama aiki a wajen Charles Willett. Da Willett ya ajiye sana'a a 1853, Savage ya buɗe 'yar maƙerarsa a wani lungu na garin.

Maƙerin manoma

Shekarun farko na sana'arsa ba su da alaƙa da wasan yara. Manoma ne abokan cinikinsa. King's Lynn yana gefen wata makekiyar fadama wadda aka daɗe ana janye mata ruwa da magudanai da injuna domin mayar da ita gona. Manomin da ya san fadamar Gulbin Rima zai gane irin wannan ƙasa: tana da albarka, amma tana da nauyi a garma, kuma takan riƙe ƙafar dabba da ta keke idan ta jiƙa. Savage ya fara da ƙananan kaya irin su manjagara da garma, ya matsa zuwa injunan sussuka da na sheƙa, daga bisani ya shiga ƙera injunan tururi masu tafiya da kansu, waɗanda ke jan kaya a hanya ko su juya injin sussuka a masussuka.

Injin tururi abu ne mai sauƙin bayani da wuyar ƙerawa. Ana hura gawayin kwal a ƙarƙashin rufaffiyar tukunyar ƙarfe mai ruwa, tururin da ya taru ya tura wani sanda gaba da baya, sandan kuma ya juya ƙafa. Idan tukunyar ta yi rauni sai ta fashe ta kashe na kusa. Idan ta yi kauri da yawa sai nauyi ya hana ɗaukarta. Shekarun da Savage ya yi yana neman tsaka-tsakin wannan domin manoman fadama, injin da ba shi da nauyi amma yana da ƙarfi, su ne suka shirya shi ga aikin da ya ɗaukaka sunansa. Kasuwa ta buɗe masa har wurin ya yi masa kaɗan, ya yi ta ƙaura zuwa mafi girma. A farkon shekarun 1870 ya gina babbar maƙerarsa mai suna St Nicholas a arewacin garin, a kan wani fili da aka ƙwato daga bakin teku.

Lilo kafin zuwan tururi

Lilo mai kewayawa ya girmi Savage da ɗaruruwan shekaru, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin bayanansa ya fito ne daga ƙasar Musulmi. A 1620 wani matafiyi Bature mai suna Peter Mundy ya ratsa birnin da yanzu ake kira Plovdiv a Bulgeriya, lokacin yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ya zana irin lilunan da jama'a ke hawa a bukukuwan Sallah, har da wani mai kama da ƙafar keke a kwance wanda ake juyawa da yara zaune a gefensa. A Turai kuma akwai wasannin barade na nuna gwaninta a kan doki, masu kama da hawan daba, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne wanda Sarki Louis na 14 ya shirya a Paris a 1662. Daga sunan irin wannan wasa ne lilon dawaki ya samo sunansa a harsunan Turai da dama. Ɗan talakan da ba zai taɓa mallakar doki ba ya sami na katako ya hau.

Har tsakiyar ƙarni na 19 lilunan kasuwannin Ingila ƙanana ne. Ana rataye dawakin katako marasa ado a jikin sanduna, yaran da ba su da kuɗin hawa su riƙa turawa domin a ba su hawa ɗaya kyauta, ko kuma a ɗaura wa wani ƙaramin doki ya yi ta zagaye. Girman lilo bai wuce ƙarfin mai tura shi. A 1861 Thomas Bradshaw ya nuna lilo mai aiki da tururi a garin Bolton, kuma a 1865 Sidney Soame ya kawo wani kasuwar Aylsham, wadda ba ta da nisa da ƙauyen da aka haifi Savage. Saboda haka ba Savage ne ya fara haɗa tururi da lilo ba. Abin da ya yi shi ne mayar da gwaji ya zama sana'a.

Injin da ke tsakiya

A kowace shekara, ranar 14 ga Fabrairu, ana buɗe wata tsohuwar kasuwar baje koli a King's Lynn, wadda Sarki Henry na 8 ya ba garin izininta a 1537. Ita ce ke buɗe shekarar masu yawo da kayan wasa daga gari zuwa gari. Mutanen nan sukan iso da kayansu da suka sha sanyin hunturu, wannan ya karye, wancan ya yi tsatsa, su nemi maƙeri. Ta haka Savage ya san su, ya kuma san damuwarsu: suna son lilo babba mai ɗaukar mutane da yawa, amma wanda za a iya kwancewa cikin dare, a loda a keken doki ko jirgin ƙasa, a sake kafawa a wani gari.

Amsar da ya kawo ita ce ya ɗora injin tururin a kan wata ƙaƙƙarfar amalanke mai ƙafafu, ya mai da ita cibiyar lilon baki ɗaya. Ginshiƙin tsakiya yana tashi daga kan amalanken, kuma ta cikinsa hayaƙin wuta ke fita sama. Daga saman ginshiƙin sanduna ke bazuwa kamar haƙarƙarin laima, dawakai da dandamalin da ake takawa suna rataye a jikinsu. Injin yana juya wani babban faifai mai haƙora, faifan ya juya laimar duka. In an tashi tafiya, a kwance sandunan da dawakan, a ja amalanken da injinta a kai. Da wannan tsari lilo ya tashi daga jeri ɗaya na dawakai zuwa jeri uku ko huɗu, kuma manya suka fara hawa tare da yara.

Daga nan maƙerar St Nicholas ta yi ta fito da sababbin abubuwa. Akwai lilon kekuna, akwai na ƙananan jiragen ruwa masu tangaɗi kamar suna kan igiyar teku, wanda ya fito wajajen 1880 ga mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga jirgi ba. A 1885 Savage ya karɓi takardar mallakar fasahar da ke sa dawakai su riƙa tashi da sauka yayin da suke zagaye. A 1888 ya fito da lilon da kekunansa ke hawa tudu da gangara a kan da'irar dogo. Ba shi kaɗai ne a fagen ba, domin akwai abokan hamayya irin su Robert Tidman na Norwich, kuma tsarin da ya zauna daga ƙarshe, na lanƙwasassun ƙarafa a sama masu ɗaga kowane doki su sauke shi, ya samu ne daga gogayyar maƙera da dama. Savage ya ƙara da wata dabara wadda ke barin ƙasan sandan doki ya ɗan zame waje idan gudu ya ƙaru, domin mahayi ya karkata yadda mai sukuwa ke karkata a kwana.

Dawakan kansu aikin masassaƙa ne. Savage yana da nasa masassaƙan, akwai kuma gidajen da suka shahara da wannan sana'a kamar na Anderson a Bristol da na Spooner a Burton. Lilunan Ingila suna juyawa ne ta hannun dama, irin tafiyar agogo, saɓanin na Amurka da yawancin na Turai. Wannan ya sa gefen hagu na doki ne ke fuskantar 'yan kallo, gefen da mahayi ke hawa ta nan a al'ada, kuma shi ake cika wa ado. A tsakiya akan kafa babban akwatin kiɗa mai bututu da yawa, sau da yawa ƙirar gidan Gavioli na Paris, wanda wani ƙaramin inji ke hura wa iska.

Zamanin ma ya taimake shi. Jiragen ƙasa sun haɗa garuruwa, ma'aikatan masana'antu sun fara samun ɗan abin da ya rage bayan abinci da haya, kuma dokar 1871 ta ware wasu ranakun hutu ga jama'a. Lilunan Savage suka bazu a Ingila, aka kuma riƙa fitar da su ƙasashen waje.

Magajin gari

Yaron da ya fara da ƙodago ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata a King's Lynn, da ɗaruruwan mutane a ƙarƙashinsa: maƙera, masu zubi, kafintoci, masassaƙa da masu fenti. Ya shiga majalisar gari, aka naɗa shi alƙalin sulhu, shi da mahaifinsa ya bar ƙasar a matsayin fursuna. Sau uku yana riƙe muƙamin magajin gari. A 1892, yana da rai, aka kafa mutum-mutuminsa a kan titin London Road na garin, kuma masu yawo da kayan wasa suna cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin. Ya mutu a 1897, shekara shida kafin Turawa su ci Sakkwato.

Maƙerar ta ci gaba bayansa, ta sha fama da matsalar kuɗi, ta sauya hannu. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ma'aikatan da suka saba da katako da ƙarfe suka koma ƙera jiragen sama, ciki har da samfurin Voisin na Faransa. Bayan yaƙi lantarki da injin dizal suka ture tururi, matasa suka koma son kayan wasa masu tsananin gudu. A 1973 aka rufe maƙerar. Lilunan da yawa sun ruɓe a bayan gidaje, wasu aka sayar da ƙarfensu, wasu kuma aka cire dawakansu ɗaya bayan ɗaya aka sayar wa masu tara kayan tarihi, aka maye gurbinsu da na roba.

Yadda ake tayar da tsohon lilo

Kaɗan ne suka tsira. A gidan adana kayan tarihi na Thursford, a Norfolk, akwai lilon dawaki na Savage ƙirar 1896, tare da wani mai hawa da gangara wanda kujerunsa ke da siffar kwale-kwalen birnin Venice. A gidan tarihi na Beamish, a arewacin Ingila, akwai wani ƙirar 1893. Gidan tarihin King's Lynn kuma yana ajiye da dawakai da wasu kayan aikin maƙerar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya kai yau ne saboda wasu sun ba da shekaru da dukiya wajen gyaransa.

Aikin yakan fara da kwance lilon gaba ɗaya, a sa wa kowane yanki lamba, a ɗauki hotonsa. Dokin lilo ba daga kututture ɗaya ake sassaƙa shi ba. Alluna ne ake mannawa su zama akwati mai rami a ciki domin rage nauyi, sannan a haɗa kai da ƙafafu. Ruwa yakan shiga ta mahaɗan nan, katako ya ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi. Mai gyara yakan buɗe mahaɗin, ya yanke ruɓaɓɓen wuri kawai, ya sassaƙa sabon katako irin na asali ya cike gurbin. Ƙa'idar ita ce a bar duk abin da zai iya zama.

Fenti ya fi komai cin lokaci. Masu lilo sukan sake shafe dawakansu a lokacin hunturu, shekara bayan shekara, har fenti ya yi kaurin da zai binne sassaƙar gashin wuya da ta linzami. Mai gyara yakan kankare ɗan ƙaramin wuri a hankali, shafi bayan shafi, har ya kai launin farko, ya rubuta abin da ya gani kafin ya ci gaba. Tsohon fenti yana ɗauke da dalma, wadda guba ce musamman ga yara, don haka ana aikin da kariya. Daga nan a sake zana ado da hannu, a manna ganyen zinariya inda yake a da, a mayar da idon gilas da jelar gashin doki.

A ɓangaren ƙarfe, tukunyar tururi ce abin tsoro. Ana auna kaurin jikinta, a sauya bututun da suka cinye, a cika ta da ruwa a matsa fiye da yadda za ta yi aiki, kuma sai mai bincike ya amince kafin a hura mata wuta. Idan wani faifai mai haƙora ya karye, ba a samun irinsa a kanti. Sai an sassaƙa siffarsa da katako, a danna cikin yashi, a zuba narkakken ƙarfe, kamar yadda aka yi na farkon. Nan ne ingancin aikin Savage ke fitowa: da yake an ƙera lilon domin a riƙa kwance shi kowane mako, babu wani yanki nasa da ba za a iya cirewa a gyara ba.

Akwai muhawarar da ba ta ƙare ba a tsakanin masu wannan aiki. Wasu na ganin dokin da ya haura shekara ɗari ya kamata a ajiye shi a bayan gilas, domin kowane hawa yana cinye shi. Wasu kuma na ganin lilon da ba ya juyawa ya mutu, kuma ilimin kafa shi da hura injinsa yana rayuwa ne kawai a hannun masu yinsa. Wurare da dama sun zaɓi barin yara su hau, su kuma ɗauki nauyin gyara kowace shekara.

Abin da ya shafe mu

A Sabon Birni da Isa, shekarun nan na hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, sun tilasta wa iyalai gudun hijira zuwa cikin gari ko tsallaken iyaka a Jihar Maraɗi, sun kuma sa zuwa kasuwar mako ya zama kasada. A irin wannan hali maganar lilo tana iya zama kamar wasa. Sai dai lilo ba ya kafuwa sai inda iyaye suka yarda 'ya'yansu su taru a fili har faɗuwar rana, don haka dawowarsa bakin kasuwa ranar Sallah shaida ce ta kwanciyar hankali wadda kowa zai iya gani da idonsa. Akwai yaran da suka yi wayo a wannan yanki ba su san irin wannan Sallar ba.

Akwai kuma maganar masu ƙira. Ƙasar Gobir ba ta rasa maƙera ba, daga masu ƙera garma da kayan doki na gargajiya zuwa masu walda da ke haɗa amalanke da gyara injin ban ruwa a yau. Hanyar da Savage ya bi, daga kayan noma zuwa kayan wasa, ita ce wadda mai waldar da ke haɗa lilon Sallah yake bi, da ragowar bututu da tsohon ƙarfen mota. Bambancin shi ne garin Savage ya rubuta sunansa, ya ajiye kayan aikinsa, kuma da lilunansa suka tsufa an sami masu kankare fenti a hankali domin ganin abin da ya bari. Tsohon lilon da ke jingine a bayan wani shago a Isa ko Sabon Birni yana da wanda ya ƙera shi, kuma mai yiwuwa har yanzu akwai dattijon da zai iya faɗin sunansa idan an tambaye shi.